Kuɗin shiga Bali: a biya tun daga gida

Jama'a, mai shirin zuwa tsibirin Bali a Indonesiya ya sani, tun 14 ga Fabrairu 2024 kowane baƙo yana biyan rupiya 150,000 (kuɗin Indonesiya), har yara, kuma wannan daban yake da kuɗin biza. A shafin gwamnati na Love Bali ake biya. Shafukan bogi sun yi yawa, ninka kuɗin suke yi.

Ku biya kafin ku bar Sakkwato, da katin dala, don katin naira yana iya ƙin wucewa. A rubuta suna da lambar fasfo daidai yadda suke cikin fasfo. Za a turo lambar QR, wato shaidar biya, ta imel, wani lokaci cikin spam take maƙalewa. Ku ɗauki hotonta a waya, ku kuma buga a takarda, saboda kuna iya sauka babu data.