Yadda Za Ka Kare Kwamfutar Gida Daga Bairos Ɗin Da Ke Shigowa Ta Imel

Bara da azumi wani yayana, ɗan baffana, ya shigo gidana da kwamfuta a hammata, fuska a murtuke. Lissafin shagonsa na shekara uku, hotunan bikinsa, har da aikin kammala digirin da matarsa ke tsakiyar rubutawa, duk sun ƙi buɗuwa. Kowane fayil an laƙa masa wata baƙuwar wutsiya a ƙarshen suna, ga kuma rubutu da Turanci a kan allo wai sai ya biya kuɗi kafin a sakar masa kayansa. Na ce, "Yaya, me ka buɗe?" Ya rantse bai buɗe komai ba. Sai bayan mun sha ruwa, hankali ya dawo jiki, ya tuna cewa kwana biyu da suka wuce wani saƙo ya shigo masa wai rasit ne na kayan da ya saro. Ya danna, bai ga komai ya fito ba, ya sake dannawa, ya ja tsaki ya ci gaba da harkarsa.

Irin wannan ɓarawon ba ya haura katanga. Sallama yake yi a bakin ƙofa, maigida ya taso ya zare masa sakata. Karanta saƙon imel kaɗai a Gmail ko Outlook na yanzu da wuya ya cutar da kwamfutarka. Ɓarnar tana faruwa ne idan ka buɗe fayil ɗin da aka maƙalo, ko ka danna adireshin da aka saka a ciki. Don haka yawancin matakan nan gyaran hannu ne da ido, kaɗan ne ke buƙatar taɓa saitin kwamfuta.

Mataki na 1: Sa kwamfutar ta riƙa nuna maka wutsiyar fayil

Wannan shi na fi so ka fara yi, yau, kafin ka gama karatun nan ma. Kowane fayil yana da 'yan haruffa bayan ɗigo a ƙarshen sunansa, su ne ke faɗin ko shi wane ne: .pdf takarda ce, .jpg hoto ne, .docx rubutun Word ne, .exe kuwa manhaja ce da za ta tashi ta yi aiki a cikin kwamfutarka. Matsalar ita ce Windows, yadda take zuwa daga kamfani, ɓoye waɗannan haruffa take yi. Sai mugu ya raɗa wa manhajarsa suna Rasit.pdf.exe, ya manna mata jan tambarin takarda. Kwamfutarka ta haɗiye .exe ɗin, kai kuma ka ga Rasit.pdf ka saki jiki.

Dabarar ta tsufa. Ranar 4 ga Mayun 2000 wani saƙo ya taso daga Manila ta ƙasar Filifin mai taken ILOVEYOU, ɗauke da fayil da ake gani kamar wasiƙar soyayya ce mai wutsiyar .TXT, alhali ainihin wutsiyarsa .vbs ce, Windows ta ɓoye ta. Duk wanda ya buɗe, sai abin ya lalata masa fayiloli, ya kuma tura kansa ga duk mutanen da ke cikin jerin adireshinsa na Outlook. Cikin 'yan kwanaki ya kama miliyoyin kwamfutoci, manyan ma'aikatu a Amurka da Ingila suka rufe imel ɗinsu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, amma har gobe da wannan tarkon ake kama mutane.

Gyaran ba ya cin minti ɗaya. Buɗe File Explorer, wato wurin da kake ganin fayilolinka. Idan Windows 11 ce, danna View, sannan Show, sannan ka sa alama a File name extensions. A Windows 10, da ka danna View za ka ga ɗan akwatin File name extensions a sama, ka sa masa alama. Shi ke nan.

Daga nan ka haddace wutsiyoyin da ba a buɗewa idan ta imel suka zo, ko daga wa suke: .exe, .scr, .js, .vbs, .bat, .cmd, .msi, .lnk, .iso. Babu rasit, babu takardar ɗaukar aiki, babu sakamakon jarrabawa da ke zuwa da ɗaya daga cikinsu. Gmail kanta ba ta yarda a aika yawancinsu, shi ya sa masu kutse suke ƙunshe su a cikin .zip ko .rar, wani lokaci su kulle ƙunshin da kalmar sirri su rubuta maka ita a cikin saƙon. Kai za ka ɗauka tsaro ne. Su kuwa sun kulle ne don kada na'urar binciken Gmail ta iya leƙa ciki. Ƙunshi mai kulle da mabuɗinsa a saƙo ɗaya, share shi kawai.

Mataki na 2: Dubi wanda ya aiko, ka dubi abin da yake so

Sunan da ke fitowa a saman saƙo kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. Zan iya buɗe akwatin imel yanzu in sa masa sunan bankinka. Abin dubawa shi ne adireshin da ke bayan sunan, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Danna kan sunan, adireshin zai fito. Banki ko jami'a ko kamfanin aika kaya ba sa rubuto wa mutane daga adireshin kyauta irin na gmail.com. Ka kuma karanta shi harafi bayan harafi, don sukan sauya ɗaya: lamba 1 a madadin l, ko r da n a manne su yi kama da m.

Haka adireshin shafin da aka ce ka danna. Ɗora kibiyar linzami a kansa ba tare da ka danna ba, za ka ga inda zai kai ka ya bayyana a ƙasan allo ta hagu. Idan rubutun ya ce banki, ƙasan allo kuma ya nuna wani dogon suna da ba ka taɓa ji ba, ka sami amsa.

Sai kuma yanayin maganar. Saƙon mugunta kusan kullum gaggawa yake yi: za a rufe asusunka cikin awa 24, kayanka sun maƙale a tashar jirgi, an ɗauke ka aikin da ba ka nema ba, ka ci tallafin da ba ka cike fom ɗinsa ba. Ko tsoro ko kwaɗayi, ɗaya daga ciki ake son ya riga tunaninka isa ga linzami. A da mukan gane su da gurguwar Turanci, amma yanzu da manhajojin rubutu suka yawaita, saƙon damfara na iya fin na gaske tsafta. Tambayar da ta rage mai amfani ita ce: ina jiran wannan takardar daga wannan mutumin? Yayana da ya tsaya ya tambayi kansa, da ya tuna cewa dillalinsa a WhatsApp yake turo masa rasit, bai ma san adireshin imel ɗinsa ba.

Mataki na 3: Idan daga wanda ka sani ne, kira shi

Nan ne masu wayo ma ke faɗawa. Tun a Maris ɗin 1999 bairos ɗin Melissa ya riƙa tura kansa ga mutum 50 na farko a jerin adireshin duk wanda ya kama, don ya san mutum ya fi sakin jiki da saƙon abokinsa. Wani bairos mai suna Emotet, wanda ya bayyana a 2014 har 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rusa cibiyoyinsa a Janairun 2021, ya kai abin wani mataki: yakan saci tsohuwar hirar da kuka yi da mutum, ya amsa a ƙarƙashinta kamar shi ne, ya maƙalo fayil. Sunan na amininka ne, adireshin nasa ne, maganar da ke ƙasa ma taku ce.

Maganinsa kiran waya na minti ɗaya. "Malam, kai ka turo mini takarda yanzu?" Kada ka tambaya ta hanyar amsa saƙon, don idan an shiga akwatinsa, ɓarawon ne zai ce maka e. Kada kuma ka kira lambar da aka rubuta a cikin saƙon, kira wadda kake da ita tun da.

Mataki na 4: Buɗe takarda daga nesa

To, ka tabbatar daga wurinsa take, kuma takarda ce ta gaske. Duk da haka fara dubanta a cikin Gmail ko Outlook na intanet, inda ake nuna maka ita ba tare da ka sauke ba. Sau da yawa karantawa kawai kake buƙata.

Idan dole ka sauke fayil ɗin Word ko Excel, zai buɗe da wani ɗorawan layi a sama yana gaya maka cewa an tsare shi. Bar shi a haka. Idan takardar ta nuna maka rubutu a dishe, ko ta ce ba za ta karantu ba sai ka danna Enable Editing ka kuma danna Enable Content, rufe ta nan take. Wannan maɓallin na biyu izini ne ga wasu ƙananan umarni da ake kira makro, su tashi su janyo bairos daga intanet. Da wannan hanyar bairos ɗin Locky ya kulle wa ɗimbin mutane fayiloli a 2016, yana zuwa a rigar takardar neman biyan kuɗi. Tun 2022 Microsoft ta toshe makro a fayilolin da suka fito daga intanet, amma da yawanmu tsohon Office muke amfani da shi, wanda mai gyara ya zuba mana ranar da muka sayi kwamfutar, wanda toshewar ba lallai ta shafe shi ba.

Fayil ɗin da zuciyarka ta ƙi kwanciya da shi, kana iya ɗora shi a shafin VirusTotal, inda manhajojin kariya fiye da 60 za su duba shi kyauta. Sai dai abin da ka ɗora can wasu masu bincike na iya ganinsa, don haka ban da takardar banki ko fasfo ko wani sirrinka.

Mataki na 5: Bar kwamfutar ta sabunta kanta

Na san dalilin da ya sa muke kashe sabuntawa: data tsada gare ta, kuma abin yakan zaɓi lokacin da batir ya kusa mutuwa. Amma sabuntawar nan ita ce toshe ɓarakar da aka gano. Bairos ɗin WannaCry da ya afka wa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka riƙa ɗage aikin marasa lafiya, ta wata ɓaraka ya bi wadda Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ya kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Ware dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai rahusa, ka bar Windows Update ya gama aikinsa. Ka kuma sani cewa Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Batun manhajar kariya ba sai na ja ba. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ya wadatar wa kwamfutar gida, muddin a kunne yake. Shiga Windows Security ka tabbata alamomin kore ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga an kashe Defender don a zuba wata manhajar kariya ta sata da lasisinta ya mutu tun shekara biyu, tana zaune kamar maigadin da ya yi barci da fitila a hannu. Cire ta, Defender zai koma bakin aiki.

Mataki na 6: Raba wa 'yan gida nasu asusun

Kwamfutar gida ta kowa ce: Baba na lissafi, Mama na kallon wa'azi, yara na wasa da duba sakamakon jarrabawa. Shiga Settings, sannan Accounts, ka buɗe wa kowa asusu na Standard, asusun Administrator ya zama naka kai kaɗai da kalmar sirrinsa. Da haka duk abin da zai girka kansa cikin kwamfutar gaba ɗaya sai ya nemi wannan kalmar. Ka kuma gaya wa yara a fili cewa wanda ya danna wani abu bisa kuskure ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. Yaron da ke tsoron bulala zai yi shiru ne har abin ya gama cin gida.

Mataki na 7: Ajiye kwafi a wani wuri

Duk mako ko biyu, kwafe abin da ba za ka iya jure rasawa ba zuwa filas ko hadis na waje (babbar ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa da kwamfuta), sannan ka zare shi ka sa a durowa. Zarewar ita ce muhimmiya, domin bairos mai garkuwa da fayiloli yana kulle duk abin da ya samu a jone. Kuma kada wannan filas ɗin ya zama shi ne ake yawo da shi shagon buga takardu. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, takardu masu muhimmanci su sami kwafi na biyu a can.

Idan kuma ka riga ka danna

Yanke intanet nan take, kashe wayfay ko ka zare wayar intanet. Zare duk filas da ke jiki. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da bairos bai sami damar ɓuya ba. Daga wayarka, ba daga kwamfutar da ake zargi ba, canza kalmar sirrin imel ɗinka da farko, don ta nan ake sake saita duk sauran, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sake tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Idan ka rubuta lambar kati ko ta sirri a wani shafi, kira bankinka a toshe katin kafin komai. Sanar da mutanenka kada su buɗe abin da ya fito daga gare ka a kwanakin.

Idan fayiloli sun riga sun kulle, kada ka yi saurin biya, babu tabbacin za a ba ka mabuɗi, kada kuma ka yi saurin ba mai gyara ya goge komai. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Mun gwada da na yayana, nasa bai cikin waɗanda aka samu. Sai muka kwashe kullallun fayilolin muka adana a wani hadis ko wata rana mabuɗin ya fito, aka goge kwamfutar aka zuba sabuwar Windows. Hotunan biki mun tattaro mafi yawa daga wayoyin dangi. Aikin digirin kuwa, Allah ya taimaka matarsa ta taɓa tura wa malaminta babi uku ta imel, daga nan ta ɗora.