Yadda Ɗan Zamfara Zai Zama Mai Tsara Kiɗa a Rubuce Kuma Malamin Jami'a

Matashin da ya tashi a Gusau ko Maradun yana jin amon kotson Musa Ɗanƙwairo ya riga ya samu horon kunne, amma wannan sana'a tana buƙatar ya iya rubuta sauti a takarda domin makaɗan da ba su taɓa ganinsa ba su buga abin da ya tsara. Saboda haka ka fara da koyon alamomin rubutun kiɗa da buga fiyano, sannan ka sauke manhajar MuseScore, wadda kyauta ce, ka riƙa rubuta kiɗan kalangu da na kotso da ka sani, domin a ganina nan ne jarinka yake.

Bayan haka ka nemi gurbin digiri a sashen kiɗa, kamar na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ka ci gaba har digiri na uku, domin da wuya a kai matsayin farfesa ba tare da shi ba. Ka nazarci tafarkin Akin Euba, mai tsara kiɗa ɗan Najeriya, wanda ya sa fiyano ya kwaikwayi gangunan Yarabawa, ya kuma koyar a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Duk abin da ka tsara, ka nemi makaɗa su buga shi a naɗi sautinsa, saboda da shi da rubuce-rubucen bincike ake auna ƙarin girma.