Kurakuran da ake yi wajen mayar da ɓawo da kara gas

A 2012 masana'antar ƙullun takarda ta Joutseno a ƙasar Finlan ta daina dogaro da gas na ƙarƙashin ƙasa wajen hura tanderunta, ta koma ga gas ɗin da take samu daga ɓawon itace. A 2017 kamfanin Metsä ya buɗe wata a Äänekoski wadda ba ta ƙona man fetur ko kwal ko kaɗan. Irin wannan labari ne ke sa matashin da ke son kafa ƴar masana'antar kwali ko farantin ƙwai a Damagaram ya ce ai mu ma ga kara nan birjik. Dabarar gaskiya ce, kuma tsohuwa, don a yaƙin duniya na biyu motoci kusan miliyan ɗaya sun yi tafiya da gas ɗin itace. Ina son in ga tana aiki a nan, shi ya sa zan faɗi inda ake tuntuɓe.

Ana zuba itace ko ɓawo a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, zafi ya kai digiri 750 zuwa 900, amma iskar da ake bari ta shiga ba ta wuce kwata ko sulusin wadda zai buƙata ya ci da wuta ba. Maimakon ya ƙone ƙurmus sai ya saki gas mai kamawa. Gas ne mai rauni, kusan rabinsa naitirojin ne da ba ya ci, kuma ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin bakwai na gas ɗin ƙarƙashin ƙasa ba. Wanda ya ɗaura masa murhun da aka ƙera don gas ɗin kwalba irin na SORAZ, matatar man Zinder, zai ga wuta tana mutuwa. Sai an faɗaɗa bututu da bakin murhun.

Kuskuren farko shi ne kwaikwayon abin da ba a fahimta ba. A babbar masana'antar takarda, gas ɗin ɓawo tanderu ɗaya yake ciyarwa, wanda ake gasa farar ƙasa a ciki don a sake amfani da sinadaran dafa itace. Shi ne wurin da ya rage yana shan baƙin mai ko gas na ƙarƙashin ƙasa, sauran zafin kuwa daga baƙin ruwan dahuwar itacen ake samu. Ɓawon kyauta ne, a harabarsu ake feƙe shi, kuma suna da rarar zafin busar da shi. Mai jiƙa tsohuwar takarda a Zinder ba shi da wannan tanderu. Zafin busar da kaya yake nema, da wutar juya inji. Busarwar kuma rana tana yi masa ita kyauta yawancin shekara. Sai ya fara lissafa nawa zafi yake buƙata da damina, nawa wuta, kafin ya je wurin mai walda.

Sai danshi. Ɗanyen ɓawon itace rabinsa ko fiye ruwa ne, shi ya sa a Finlan sai an bi da shi ta na'urar busarwa kafin ya shiga tukunya. Ƙananan tukwane suna son danshi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, in ya sauka 15 ya fi. Da rani ba mu da matsala. A Yuli da Agusta ne ɓawon gyaɗar da aka jibge a ƙasa ke shan raɓa da laima, a zuba shi, zafin tukunya ya faɗi. A yi masa rumfa, a ɗaga shi daga ƙasa. A auna kilo ɗaya, a busar da shi a tanda har nauyin ya daina raguwa, a sake aunawa. Bambancin shi ne ruwan.

Da zarar zafi ya faɗi, kwalta ta zo, kuma ita ce ta fi kashe irin waɗannan ayyuka. Hayaƙi ne mai maiƙo da ke tafiya tare da gas, idan ya huce ya zama baƙin danƙo. In gas ɗin da zafinsa zai wuce kai tsaye zuwa murhu, kamar yadda ake yi a masana'antun takarda, kwaltar ƙonewa take yi tare da shi. In injin wuta za a ba, labari ya sha bamban. Injin zai yi aiki lafiya yau, a kashe shi da dare, da safe a tarar bawul sun manne, an taɓa bututun shigar iska yatsa ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙauri. Mutane kan ɗora laifin a kan injin, alhali gaggawa ce. Bayan an kunna tukunya, a ƙona gas ɗin farko a waje har harshen wutar ya bar ja da hayaƙi ya koma shuɗi-shuɗi. A tara farin ƙyalle a bakin bututu bayan na'urar tace gas: in ya yi launin ƙasa-ƙasa, gas bai isa shiga inji ba. Kada kuma a ƙera tukunya ta fi ƙarfin injin, don tukunyar da ake ja a hankali ba ta yin zafin da zai fasa kwalta.

Mafi sauƙin hanyar tace gas ita ce wanke shi da ruwa, kuma ita aka fi bi a tukwanen ɓuntun shinkafa na Indiya da Kambodiya. Ban ba da shawararta a Zinder ba. Garin da ake jawo wa ruwa daga Gogo da Arungoza, inda unguwanni ke jiran famfo da jarkoki, bai kamata a yi wankin hayaƙi da ruwansa ba. Ruwan da ya fito kuma guba ne, in ya bi kwata ya shiga tafki an rage hayaƙi a sama an zuba dafi a ƙasa. A sanyaya gas a dogon bututu, a bi da shi ta gangar garin katako ko gawayi, in sun ƙoshi a mayar da su cikin tukunya su ƙone.

Toka ma tana da nata. Duk matar da ta taɓa tace ruwan tokar karan gero don miya ta san akwai kanwa a cikinsa. Wannan sinadarin, in ya haɗu da yashin da ke jikin kara, yana sa toka ta narke tun zafi bai kai ko'ina ba, ta dunƙule ta toshe ragar ƙasan tukunya. Tokar itace ba ta cika wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba, ta kara ta ninka haka sau da yawa, ta ɓuntun shinkafa tana kai 20. Ɓawon gyaɗar da aka cura da ƙodagon goruba sun fi dacewa. A tankaɗe yashi kafin a zuba, a riƙa girgiza raga.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na gas ɗin nan kabon monoksayid ne, iskar da ke kashe wanda ya kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari. A kafa tukunya a buɗaɗɗiyar rumfa, a sa na'urar gargaɗi, kada mai gadi ya kwana kusa da ita da hunturu don jin ɗumi, kada a leƙa ciki in an buɗe murfi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kiran kara shara. A ƙasar Damagaram kara abincin dabba ne, darni ne, rufin ɗaki ne, wanda aka bari a gona kuma shi ke tare ƙasa daga iska. Ana ɗaure shi dami-dami ana sayarwa, ya yi tsada da bazara. A yi lissafi: kowane kilowat na awa ɗaya yana cin kusan kilo ɗaya da rabi na busasshen kaya. Inji mai kilowat 20 da ke aiki awa 8 zai ci kilo 240 a rana, tan 72 a kwana 300. Ranar da kara ya yanke, mai tukunya itace zai saya, kuma itacen da ke kusa shi ne gawon da manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka yi shekaru suna raino ta sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona su girma. Ana ƙirga hayaƙin tsiro a matsayin mara lahani ga yanayin duniya ne saboda abin da aka ƙona zai sake tsirowa ya zuƙe shi. Gero da gyaɗa suna yin haka duk damina, gawon da aka sare kuwa sai bayan shekaru masu yawa. Don haka kafin a sayi ƙarfe ko ɗaya, a je wurin masu ɓarar gyaɗa da kaka, a san tan nawa na ɓawo ake samu, wa ke sayensa yanzu, a kuma saka gazuwal ɗin motar da za ta kawo shi Zinder cikin lissafin kuɗi da na hayaƙi.