Idan Baturiya ta ce maka "pardon", ba afuwa take nema ba

A ƙamus "pardon" afuwa ce, irin wadda mai mulki kan yi wa wanda kotu ta hukunta. Ita ce Sarauniya Elizabeth ta yi wa masanin lissafin nan Alan Turing a 2013, shekara 59 bayan mutuwarsa. Amma a kanti ko a asibiti a Ingila ba wannan ake nufi ba. Idan ka yi magana, mai karɓar kuɗi ta dube ka ta ce "pardon?", ba ta ji ba ne, so take ka maimaita. Kada ka ce mata babu komai. Sake faɗa a hankali, ba sai ka ɗaga murya ba. Matasa ma sun fi cewa "sorry?" a wannan wuri.

'Yan'uwanmu na Nijar ku kula, domin a Faransanci kun saba neman hanya da "pardon", kamar "gafara dai". A nan "excuse me" ake cewa.

Abin da ya fi damuna shi ne neman yafiya. Mu idan za mu yi tafiya, ko azumi ya ƙarato, ko za a rabu, mukan ce a yafe mu ko da ba a taɓa saɓawa ba, don ba mu son haƙƙin kowa a wuyanmu. Ranar da na bar wani aiki a Manchesta na ce wa abokiyar aikina "forgive me". Nan take fuskarta ta canza, ta ja ni gefe tana tambayar me na aikata. A wurinsu kalmar tana da nauyi, galibi sai an yi babban laifi ake furta ta haka, ko kuma a coci. Ban ce ka bar al'adar ba, abu ne mai kyau. Ka dai fara da bayani cewa haka muke sallama a gida.

Ita kuwa "sorry", ka lura da ita idan an yi haɗarin mota. Dokar diyya ta 2006 ta ce ban haƙuri kaɗai ba amsa laifi ba ne a Ingila, amma kamfanonin inshora suna gargaɗin kada ka ɗauki laifi a wurin. Tambayi lafiyar mutumin, ku yi musayar suna da adireshi da lambar mota, sannan ka kira inshorarka.