Gyara fayil ɗin hosts ba tare da wahala ba

'Yan'uwa masu Windows, fayil ɗin hosts, wanda kwamfuta ke dubawa don haɗa sunan shafin intanet da lambar adireshinsa (IP), yana C:\Windows\System32\drivers\etc. Idan kun buɗe shi kai tsaye, Notepad ba zai yarda ku ajiye gyaran ba. Ku fara danna Notepad da maɓallin dama, ku zaɓi Run as administrator, sannan ku nemo fayil ɗin daga ciki. In ba ku gan shi ba, ku mayar da zaɓin nau'in fayil zuwa All Files, don ba shi da .txt a ƙarshe.

Mai yawan taɓa shi dai, gara ya saka manhajar PowerToys ta Microsoft, kyauta ne. Akwai Hosts File Editor a ciki, kana kunna layi ko kashe shi da dannawa ɗaya.

Masu Linux da Mac kuwa, buga umarnin sudo nano /etc/hosts a Terminal ya wadatar. Gyara bai kama ba a Windows? Ku buga ipconfig /flushdns a Command Prompt.