Yadda Ake Koya Wa Yara Haɗa Baƙi A Aji Mai Cunkoso

Sabon malami yakan cika allo da ba, be, bi, bo, bu, ya ɗaga sanda, yara 80 su ɗauka da ƙarfi har ajin da ke maƙwabtaka yana ji. Bayan zango guda sai a rubuta "bo" ita kaɗai a takarda a nuna wa yaro, ya yi shiru ko ya ce "ba". Waƙa ya haddace, baƙin bai shiga ba. Ga yadda ake kauce wa wannan.

Da farko ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kafin ka koyar da komai. Takarda guda ta isa: baƙaƙe 5, gaɓoɓi 5, kalmomi 5, da gajeren labari mai jimla 4. Minti 2 ga kowane yaro, ka raba aikin cikin mako guda. Inda yaro ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko da ya fi kowa tsawo a ajin. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da shi, wato koyar da yaro daidai matakinsa. Ka sa wa rukunonin sunaye irin su Zaki, Giwa da Barewa. Kada wani ya ji an kira shi daƙiƙi.

Na biyu, sauti za ka koyar, ka ajiye sunan harafi na Turanci. Yaron da aka koya wa "em, e, em, e" ba zai taɓa fitar da "mama" daga ciki ba, kuma wanda ya san c da "si" zai tsaya cak a gaban "ciki". Kada ka bi jerin abacada. Fara da a, n, m, k, biyu a mako. Da waɗannan huɗun kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kana, har da jimla: "Kaka na nan."

Na uku shi ne haɗawa, kuma nan ne yawancin malamai suke zubar da aikin. Yanka kwalin sabulu ko na taliya, kowane yanki kamar tafin hannu biyu, ka rubuta harafi ɗaya da babban rubutu. Ba sai ka sayi komai ba, gawayi ma yana yi idan babu alƙalamin maka. Ka fuskanci yara, m a hannunka na dama, a a hannun hagu, domin damarka ita ce hagunsu. Idan ka juya hannun, "am" ka koyar. Ka lura da wannan sosai, don yawancin yaranmu sun saba da karatun allo, idonsu daga dama yake farawa. Sa ɗigo a gefen hagu na allon aji, ka ce kullum daga nan ake tashi.

Yanzu ka ja sautin, mmm, kana matso da katin a hankali, kada ka yanke numfashi har ya haɗu da aaa: mmmaaa, ma. Sirrin yana cikin rashin yankewar. Shi ya sa ake farawa da m, n da s, waɗanda ake iya ja. K, t da b ba sa jawuwa, kuma malamai da yawa sukan liƙa musu wasali ba su sani ba, su ce "ki", sai yaro ya haɗa ya samu "kia" maimakon "ka". Fitar da su a taƙaice, ka faɗa kan wasalin nan take.

Ka yi sau biyu suna kallo, ku yi tare sau uku, sannan su yi su kaɗai. Daga nan ka hargitsa jerin: mu, ma, ki, no, ma. Duk ranar da ka bi a, e, i, o, u a jere, hadda ka koma. Gaɓa mai rufi irin su kan da nan ta jira sai buɗaɗɗiyar ta zauna. Sh, ts, ky da gw kuwa a kati ɗaya ake rubuta kowannensu, don sauti ɗaya ne. Masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, sai b, d da k sun kama, kuma bibbiyu ake kawo su: baki da baƙi, fada da faɗa, bare da ɓare.

Na huɗu, kada amsar taro ta ruɗe ka. Yara goma na gaba ne suke karantawa, sauran suna bin bakinsu. Rubuta sunayen ɗalibai a 'yan takardu cikin gwangwani, ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci, sannan ka zaro suna. Ko ka faɗi gaɓa kowa ya rubuta ya ɗaga, a kallo ɗaya ka ga wanda ya ɓata. Inda babu littafi, a fita gindin bishiya a rubuta a ƙasa da tsinke. Bulala ba ta da wuri a nan, yaron da aka daka kan kuskure ya daina gwadawa.

Darasin minti 40 ka raba shi haka: 5 bita, 10 sabon sauti, 15 aikin rukuni, 10 rubutu da labari. Kowane rukuni ya sami shugaba daga cikinsu, kai kuma ka fi zama wurin rukunin da yake ƙasa. Duk ƙarshen wata ka sake gwajin da sababbin kalmomi, wanda ya wuce a matsar da shi rukuni na gaba a ranar.