Yadda ake shiga Tenere daga Agadas

In kana so ka ga Tenere, hamadar nan ta arewacin Nijar, da idonka to daga Agadas ake tashi, kuma don Allah kar ka yi gangancin shiga kai kaɗai, samu ɗan jagora cikin Abzinawa wanda ya san rijiyoyi, ka nemi izinin hukuma tukuna saboda maganar tsaro. Land Cruiser biyu aƙalla, jarkokin ruwa da na mai, da shebur, in kun hau yashi mai laushi ku rage iskar taya. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, amma wallahi sanyin dare sai da bargo. Wani ɓangaren Tenere gandu ne da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa a jerinta na wuraren gado na duniya tun 1991, in ka tsinci kan kibiya na dutse bar shi inda yake, shararka kuma ka dawo da ita gari.